Cinikin Biri A Sama: Wa Ke Bincikar Sabon Ɗan Takarar Majalisar Wakilai?

Da zarar an kaɗa gangar siyasa, bangayen gidaje da turakun lantarki tun daga Kwangila zuwa Samaru, daga PZ zuwa bakin kasuwar Sabon Gari, kan cika da hotunan masu neman kujera. Wasu fuskokin an daɗe da saninsu, an san gidajensu, an san abin da suka shuka. Wasu kuwa rana tsaka ake wayar gari a gan su cikin babbar riga da hula ƙube, ga jerin laƙabi a gaban suna: wannan Dakta, wancan Injiniya, wani Barista. Kafin mako ya zagayo an rera masa waƙa, an manna hotonsa a bayan Keke Napep, matasa sun buɗe masa zaure a WhatsApp, ana ta kirarin cewa ga mai ceto ya iso daga Abuja ko daga ƙasar waje.

Abin da ba a cika tsayawa a tambaya ba shi ne: wane ne wannan mutum? A ina ya yi karatun da ake ambata? Wace sana'a ta ba shi dukiyar da yake rabawa? Wa ya taɓa aiki da shi, kuma yaya suka rabu? A ƙasashen da siyasar jam'iyyu ta daɗe, akwai mutanen da sana'arsu ke nan, jam'iyya ta ɗauke su aiki su tono tarihin abokin hamayya tun daga takardun makaranta har zuwa shari'o'in da ya taɓa shiga. A nan gida mun bar wannan aiki a hannun sojojin baka da masu yaɗa jita-jita, ko kuma mu jira sai an rantsar da mutum sannan mu fara ihu bayan hari. Binciken sabon ɗan takara hakki ne na masu zaɓe, yana da lokacinsa, yana da ƙa'idarsa, kuma tarihin majalisar nan tamu ya riga ya nuna mana abin da sakaci da shi ke jawowa.

Darasin shekarar 1999

Idan mai karatu bai manta ba, sa'ad da aka dawo mulkin farar hula a 1999, mazaɓar Nasarawa ta Jihar Kano ta tura wani matashin ɗan kasuwa mai suna Salisu Buhari zuwa Majalisar Wakilai a ƙarƙashin jam'iyyar PDP. Bai taɓa zama a majalisa ba, kuma a wajen Kano kaɗan ne suka san shi. Duk da haka, a farkon watan Yuni na wannan shekara takwarorinsa suka zaɓe shi Kakakin Majalisa, wato mutum na huɗu a jerin shugabannin ƙasa. Takardunsa sun nuna an haife shi a 1963, kuma yana da digiri daga Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada.

A watan Yuli mujallar TheNews da ke Legas ta fito da rahoton da ya girgiza ƙasa. Ta bayyana cewa a 1970 aka haife shi, don haka shekarunsa 29, alhali tsarin mulki a lokacin ya gindaya shekara 30 ga mai neman kujerar Majalisar Wakilai. Ta kuma tuntuɓi Jami'ar Toronto, jami'ar ta ce ba ta ba shi digiri ba. Da farko ya musanta, magoya baya suka ce makirci ne na jaridun Kudu a kan ɗan Arewa. Kafin watan ya ƙare ya tsaya a zauren majalisa yana hawaye, ya amsa laifinsa, ya nemi gafara, ya sauka daga kujerar da bai cika wata biyu a kanta ba. Kotu ta yanke masa ɗaurin shekara biyu ko tarar Naira 2,000, daga baya Shugaba Olusegun Obasanjo ya yi masa afuwa. Marigayi Ghali Umar Na'Abba ne ya gaje shi. Har yau idan ɗan Najeriya ya ce takardar wane "Toronto" ce, kowa ya san abin da yake nufi.

Abin lura a wannan labari shi ne yawan ƙofofin da mutumin ya ratsa ba tare da wani ya tare shi ba. Ya wuce tantancewar jam'iyyarsa. Ya wuce hukumar zaɓe. Ya wuce abokan hamayyarsa na sauran jam'iyyu, waɗanda su ne suka fi kowa buƙatar gano lagonsa. Ya wuce takwarorinsa na majalisa da suka ɗora shi a kansu. Abin da ya fallasa shi kuwa bai wuce tuntuɓar ofishin ajiye bayanan ɗalibai na wata jami'a da kuma bin diddigin shekarar haihuwa ba. A garin da aka haife shi akwai abokan wasansa da malamansa na firamare da suka san shekarunsa sarai. Babu wanda ya tambaye su kafin zaɓe.

Ciwon bai tsaya a Najeriya ba

Kada a ɗauka wannan rauni namu ne mu kaɗai. A watan Nuwamba na 2022, masu zaɓe a wata mazaɓa ta Jihar New York a Amurka suka tura George Santos na jam'iyyar Republican zuwa Majalisar Wakilan ƙasar. Ya ce ya kammala kwalejin Baruch, ya ce ya yi aiki da manyan kamfanonin hada-hadar kuɗi na Goldman Sachs da Citigroup. Ranar 19 ga Disamba, makonni bayan an gama zaɓe, jaridar New York Times ta bayyana cewa kwalejin da kamfanonin duk ba su da sunansa a littattafansu. Ranar 1 ga Disamba, 2023, majalisar ta kore shi da ƙuri'a 311 a kan 114, daga baya kuma ya amsa laifin zamba a gaban kotu.

Abubuwa uku ne suka fi ɗaukar hankali a lamarin Santos. Na farko, jam'iyyar Democrat ta shirya kundin bincike a kansa mai shafi 87, amma ta fi mayar da hankali ga kalamansa na siyasa, ba ta bi diddigin makaranta da wurin aikin da ya ambata har ƙarshe ba. Na biyu, wata ƙaramar jaridar yankin mai suna North Shore Leader ta rubuta tun a watan Satumba cewa dukiyar mutumin ta yi tashin gwauron zabo ba tare da wani bayani mai gamsarwa ba, sai dai manyan kafafen labarai ba su waiwaye ta ba. Na uku, kwamitin yaƙin neman zaɓensa da kansa ya sa an bincike shi tun a ƙarshen 2021, an gano da yawa daga cikin ƙarairayin, wasu ma'aikatansa suka ajiye aiki, shi kuwa ya ci gaba da takara. Ashe bayanan suna nan a warwatse, wanda zai tattara su ya kai wa masu zaɓe a kan lokaci ne aka rasa.

Dalilin da ya sa baƙon ɗan takara ke sulalewa ɗaya ne a Kano da New York. Tsohon ɗan majalisa yana da tarihi a fili: ƙudurorin da ya kawo, ayyukan mazaɓa da ya yi ko ya kasa yi, alkawuran da ya saɓa. Sabon shiga kuwa farar takarda ce, shi ke rubuta tarihinsa da hannunsa. Abokan hamayya kan raina shi, su ce ba zai kai labari ba, don haka ba sa ɓata kuɗi da lokaci a kansa. 'Yan jarida kuma hankalinsu na kan kujerar shugaban ƙasa da ta gwamna. Kujerun Majalisar Wakilai 360 ne, 16 daga cikinsu na Jihar Kaduna, kuma kowace kujera tana da masu nema daga jam'iyyu da yawa. A cikin wannan cunkoso ne maƙaryaci ke samun mafaka.

Abin da doka ta tanada, da ƙuncin lokacinta

Sashe na 65 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya shimfiɗa sharuɗɗa masu sauƙi: mai takara ya kasance ɗan Najeriya, yana da ilimi aƙalla matakin kammala sakandare ko makamancinsa, kuma wata jam'iyya ta tsayar da shi. Gyaran da aka sa wa hannu a 2018 ya rage shekarun shiga Majalisar Wakilai daga 30 zuwa 25. Sashe na 66 kuma ya jero abubuwan da ke hana mutum takara, ciki har da wanda kotu ta samu da laifin rashin gaskiya a cikin shekara goma kafin zaɓe, da wanda aka ayyana ya karye da bashi bai farfaɗo ba, da ma'aikacin gwamnati da bai ajiye aiki kwana 30 kafin zaɓe ba, da ɗan ƙungiyar asiri, da kuma wanda ya miƙa wa hukumar INEC takardar bogi.

Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka gudanar da zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta wajabta wa kowane ɗan takara cike fom mai suna EC9 tare da rantsuwa a gaban kotu, ya haɗa da kwafin takardunsa. Sashe na 29 ya umarci INEC ta manna waɗannan bayanai a mazaɓar cikin kwana bakwai da karɓarsu, ya kuma ba kowane mutum damar neman kwafinsu idan ya biya kuɗin da aka ƙayyade, hukumar ta ba shi cikin kwana 14. Wannan babbar dama ce, sai dai mutum nawa ne a Jama'a ko Hanwa ko Muchiya suka taɓa taka ƙafa zuwa ofishin INEC na ƙaramar hukuma don su karanta abin da aka manna?

Inda gizo ke saƙa shi ne batun wanda ke da hurumin kai ƙara. A ƙarƙashin dokar 2010, duk wanda ke da dalilin zargin ƙarya a takardun ɗan takara yana iya zuwa kotu. Da wannan dama ce jam'iyyar PDP ta yi amfani a Jihar Bayelsa. Lauyoyinta suka duba takardun Biobarakuma Degi-Eremienyo, mataimakin ɗan takarar gwamna na APC, suka ga sunayen da ke jikinsu sun sha bamban da juna. Ranar 13 ga Fabrairu, 2020, ana gobe rantsuwa, Kotun Ƙoli ta soke nasarar David Lyon saboda takardun mataimakinsa, aka rantsar da Douye Diri. Dokar 2022 ta taƙaita wannan hanya: wanda ya shiga zaɓen fidda gwani na jam'iyyar tare da ɗan takarar ne kaɗai zai iya kai irin wannan ƙara Babbar Kotun Tarayya. Bugu da ƙari, sashe na 285 na tsarin mulki ya ce duk ƙarar da ta shafi abin da ya faru kafin zaɓe sai an shigar da ita cikin kwana 14 da faruwar abin.

A duba yadda lissafin ya kasance a kakar da ta kai ga zaɓen 2023. INEC ta manna bayanan masu takarar Majalisar Tarayya ranar 24 ga Yuni, 2022. An buɗe yaƙin neman zaɓe ranar 28 ga Satumba. An kaɗa ƙuri'a ranar 25 ga Fabrairu, 2023. Ke nan a lokacin da talaka ya fara jin sunan ɗan takara a rediyo, ƙofar ƙarar farko ta daɗe da rufewa. Abin da ya rage a lokacin shi ne kotun sauraron ƙararrakin zaɓe, inda abokin takara ko jam'iyyarsa ke da kwana 21 bayan bayyana sakamako. A can ma zargin jabun takarda zargi ne na aikata laifi, sai an tabbatar da shi ba tare da ragowar shakka ba, wato sai an kawo shaida daga makarantar da ake cewa ta bayar da takardar. Wanda bai fara tattara hujja tun kafin zaɓe ba, ba zai iya haɗa ta cikin mako uku ba. Ita ma INEC ta sha nanata cewa ba ta da ikon hana ɗan takarar da jam'iyya ta tsayar bisa ƙa'ida saboda takardunsa, wannan aikin kotu ne.

Me ya sa Sabon Gari?

Mazaɓar Sabon Gari ta Tarayya ta tattaro gundumomi irin su Jama'a, Samaru, Bomo, Basawa, Hanwa, Dogarawa, Cikaji da Muchiya. Ƙasa ce ta baƙi tun daga zuwan jirgin ƙasa a farkon ƙarni na 20: Bahaushe, Bayarabe, Ibo, Banufe, ɗan kudancin Kaduna, malamin jami'a, ma'aikacin jirgin ƙasa, soja, manomi da ɗan kasuwa. A ƙauyen da kowa ya san kakan kowa, ƙaryar asali ba ta yin nisa. A inda mutane ke shigowa suna fita kuwa, inda ɗalibi zai yi shekara huɗu ya tafi, mutum na iya zuwa da labarin da ya ga dama.

Kujerar kuma ba ta gado ba ce. A zaɓen 2023 masu zaɓen mazaɓar sun sauke Garba Datti Muhammad na APC, wanda ya daɗe a majalisa, suka zaɓi Sadiq Ango Abdullahi a ƙarƙashin PDP. Shi Sadiq ba baƙo ba ne, ɗan Farfesa Ango Abdullahi ne, tsohon shugaban Jami'ar Ahmadu Bello, kuma ya ci zaɓen fidda gwani a watan Mayu na 2022 yana hannun 'yan bindigar da suka kai hari kan jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris na wannan shekara. Abin da wannan zaɓe ya nuna shi ne mutanen mazaɓar na iya sauya wakili idan sun ga dama. Duk inda kujera ke iya sauya hannu, sababbin fuskoki za su ci gaba da tururuwa, kuma ba dukkansu ne za su fito daga gidan da aka sani ba. A maƙwabciyar mazaɓar Zariya kuwa, wakilinta Abbas Tajudeen ya zama Kakakin Majalisa a watan Yuni na 2023. Wanda aka tura daga wannan ƙasa yana iya kaiwa ga kujerar da Salisu Buhari ya hau.

Akwai kuma batun daliget. A zaɓen fidda gwani na 2022, jam'iyyar PDP ta yi amfani da wakilai uku daga kowace gunduma. A mazaɓar da ke ƙaramar hukuma ɗaya tal, wannan na nufin mutanen da ba su cika aji ɗaya na makaranta ba ne suka yanke wanda dubban jama'a suka tarar a takardar ƙuri'a. Sauran jam'iyyu ma ba su tsira daga wannan ƙunci ba, ko sun bi hanyar daliget ko ta sasantawa. Idan waɗannan 'yan tsiraru sun karɓi na goro sun rufe ido, an gama cinikin biri a sama tun kafin talaka ya iso kasuwa.

Yadda ake yin binciken

Aikin ba ya buƙatar asiri ko leƙen sirrin kowa. Mataki na farko shi ne a samo kwafin fom ɗin da ɗan takara ya rantse a kansa, a ajiye shi gefe da abin da ke rubuce a fastocinsa da shafukansa na Facebook da hirarrakinsa na rediyo. Sau da yawa a nan ake fara ganin baraka: mutumin da ake kira Dakta a titi amma takardar sakandare kaɗai ya miƙa wa INEC, ko shekarar haihuwa da ta nuna ya shiga firamare yana goye.

Mataki na biyu shi ne a jera shekarun rayuwarsa ɗaya bayan ɗaya, daga firamare zuwa yau, a ga inda aka samu giɓi. Idan ya ce ya kammala jami'a kafin ya kai shekara 30, ina takardar yi wa ƙasa hidima, ko ta ɗauke masa ita? Idan sunan da ke takardar firamare ya bambanta da na sakandare, ina rantsuwar sauya suna da sanarwar jarida? Bambancin suna shi kaɗai ba laifi ba ne, domin a ƙasar Hausa yaro kan shiga makaranta da sunan garinsu ko na kawunsa, amma dole ne a sami bayanin da ya haɗa su.

Mataki na uku shi ne a rubuta wa makarantun. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta wajabta wa hukumomin gwamnati amsa buƙatar bayani cikin kwana bakwai, ko su faɗi dalilin ƙin bayarwa. Jami'o'i na buga sunayen waɗanda suka kammala a kundin bikin yaye ɗalibai, kuma ana ajiye kundayen bincike na manyan digirori a ɗakunan karatu irin na Kashim Ibrahim da ke Samaru. Lauya yana da suna a rajistar Kotun Ƙoli, likita yana da rajista a hukumar likitoci, injiniya yana da lamba a hukumar COREN. Duk wanda ya ɗauki laƙabin sana'a ya bar sawu a wani littafi.

Mataki na huɗu ya shafi dukiya. Hukumar rajistar kamfanoni ta CAC tana da shafi a intanet inda kowa zai duba ko kamfani na da rajista da kuma lokacin da aka yi ta. Idan ɗan takara ya ce gidauniyarsa ta shekara goma tana tallafa wa marayu, sai a duba ko bara aka yi mata rajista. Idan ɗan kwangila ne, a je a ga aikin da ido, a tambayi mutanen unguwar ko rijiyar burtsatsen na ba da ruwa. A leƙa rajistar kotuna ko akwai shari'ar bashi ko ta filaye a kansa. A nemi tsofaffin ma'aikatansa a ji ko yana biyan albashi. Mutumin da zai je ya sa hannu a kasafin kuɗin ƙasa, ya kuma nuna inda za a kai ayyukan mazaɓa, yadda ya riƙe amanar Naira dubu ɗari yana nuna yadda zai riƙe ta miliyan ɗari.

Mataki na ƙarshe, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne a tunkari mutumin da abin da aka gano, a ba shi lokaci ya kare kansa kafin a fitar. Takarda kan ƙone, ambaliya kan ci ta, magatakarda kan yi kuskuren rubutu. Wanda ke da gaskiya zai kawo bayani, mai kaza a aljihu kuwa ba ya jimirin as.

Tsakanin bincike da ɓatanci

Akwai masu ganin wannan aiki tonon asiri ne, kuma al'adarmu da addininmu sun yi umarni da suturta juna. Damuwarsu abin saurare ce. Sai dai al'adar da ta hana tonon asiri ita ce ta wajabta bincike kafin a ba da aure. Babu uban kirki da zai ɗaura wa 'yarsa aure da mutumin da ya gani jiya ba tare da ya aika unguwarsu an tambayi halinsa da sana'arsa ba, kuma wanda aka tambaya ba a ɗauke shi mai gulma ba idan ya faɗi abin da ya sani. Malaman Hadisi sun gina fanni sukutum a kan tantance masu ruwaya, suna bayyana wanda ake karɓar maganarsa da wanda ba a karɓa, saboda abin da aka damƙa musu amana ce ta al'umma. Mai neman wakiltar dubban mutane shekara huɗu ya fito da kansa fili, ya rantse a gaban kotu cewa bayanansa gaskiya ne. Duba wannan rantsuwa bai shiga hurumin sirrinsa ba.

Iyakar ita ce a tsaya ga abin da ya shafi kujerar. Takardun karatu, shekaru, tushen dukiya, riƙon amana da hukuncin kotu duk suna ciki. Rikicinsa da matarsa, ciwon da ɗansa ke fama da shi, asalin kakarsa, ƙabilarsa ko ɗariƙarsa ba su ciki. A mazaɓa irin ta Sabon Gari, inda masallaci da coci ke maƙwabtaka, jefa wa ɗan takara kalmar "baƙo ne" ko "ba namu ba ne" wasa da wuta ne, kuma Dokar Zaɓe ta 2022 ta haramta yaƙin neman zaɓe da sunan addini ko ƙabila. Hoton da aka haɗa da kwamfuta, muryar da aka yanke aka liƙa, da takardar da ba a san inda ta fito ba, duk ɓatanci ne ko da a kan maƙaryaci aka yi su. Suna kuma yi wa maƙaryacin amfani, domin da zarar an kama masu zarginsa da ƙarya ɗaya, sai ya lulluɓe sauran gaskiyar da ita.

Wasu kuma na fargabar cewa irin wannan tankaɗe da rairaya zai fi cutar da ɗan talaka mai ƙaramin karatu, ya bar masu kuɗin ɗaukar lauyoyi. Tsarin mulki bai nemi digiri ba, sashe na 318 ma ya faɗaɗa ma'anar matakin sakandare har ta haɗa da wasu da suka tsaya a firamare amma suka yi aiki na shekaru kuma suna iya karatu da rubutu da Turanci. Hajiya Gambo Sawaba, 'yar Sabon Garin nan, ba ta yi nisa a karatun boko ba, amma ta jagoranci matan NEPU, ta sha ɗauri saboda aƙidarta, kuma yau babban asibiti a Zariya na ɗauke da sunanta. Ba a taɓa jin ta ari digirin da ba nata ba. Bincike na gaskiya kariya ne ga irinta, domin shi ke hana mai takardar bogi ya sha gaban mai ƙaramar takarda ta halal. Shi kansa Salisu Buhari, da a yau ne, shekarunsa 29 sun ishe shi takara, kuma takardar sakandare ta wadatar. Ƙaryar da bai buƙata ba ce ta kayar da shi.

Wa zai ɗauki wannan nauyi?

Na farko su ne masu neman tikiti a cikin jam'iyya ɗaya, tunda su dokar 2022 ta bar wa ƙofar ƙarar farko. Duk mai niyyar takara ya kamata ya fara da bincikar kansa, ya gyara abin da ke buƙatar gyara, sannan ya nemi takardun abokan karawarsa tun ranar da aka manna su. Na biyu su ne kwamitocin tantancewa na jam'iyyu, waɗanda Bayelsa ta koya musu cewa takardar mutum ɗaya na iya cinye nasarar jiha guda.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, su ne mutanen gari. Da wuya a sami mazaɓa a Arewa da ta kai wannan yawan masu ilimi. Jami'ar Ahmadu Bello na nan tun 1962, tana da sashen koyar da aikin jarida, da na kimiyyar siyasa, ga tsangayar shari'a a Kongo. Malami ɗaya da ɗalibai ashirin za su iya karɓo bayanan duk masu takarar mazaɓar, su tantance su cikin wata guda, su fitar da sakamakon da Hausa da Turanci ba tare da fifita kowace jam'iyya ba. Ƙungiyoyin ci gaban unguwanni, na 'yan kasuwa, na malaman makaranta da na mata za su iya gayyatar kowane ɗan takara zaure ɗaya, a yi masa tambayoyi iri ɗaya a gaban jama'a. Gidajen rediyo da ke sayar wa sojojin baka lokaci su ware ko da rabin sa'a a mako don karanta abin da 'yan takara suka rantse a kai. Zariya ce ta haifi Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, bai dace a ce garin da ya koya wa Arewa karatun jarida yana jiran mujallar Legas ta gaya masa ko wane ne wakilinsa ba.

Masu zaɓe kuma su riƙe tambayoyi huɗu a baki duk lokacin da sabuwar fuska ta zo neman ƙuri'a: ina ka yi karatu, me kake yi kafin yau, ina ka samo abin da kake rabawa, wa zai tsaya maka shaida a cikin waɗanda suka yi aiki da kai? Mutumin kirki zai amsa su cikin minti biyar, ya ma ji daɗin an tambaye shi. Wanda ya fusata ko ya turo 'yan banga, ya riga ya ba da amsa. Allah Ya ba mu wakilai masu gaskiya da riƙon amana, Ya ba mu kuma himmar tantance su tun kafin mu dangwala musu.